Wasan kuɗi a ƙwallon jami'o'in Amurka: me ya sa ƙaramar makaranta ke karɓar miliyoyi ta je a lallasa ta?

Duk wanda ya fara bin ƙwallon jami'o'in Amurka zai ci karo da abin mamaki a makonnin farko na kaka, daga ƙarshen Agusta zuwa Satumba: sakamako irin 56–0, 71–0, har da 84–0. Ba kuskuren haɗa wasa ba ne. An tsara shi haka, an sa hannu a takarda, an biya kuɗi. Ga tambayoyin da aka fi yi a kan wannan al'ada.

Wace ƙwallo ake nufi, kuma mene ne wasan kuɗi?

Ba tamaula ba ce. Ƙwallon ƙafar Amurka ce, mai kama da zari-ruga, wadda ake sa hular kwano da sulke a kafaɗa, mutum goma sha ɗaya a kowane ɓangare, ana karo da juna da dukkan ƙarfi. Jami'o'i ne ke da manyan ƙungiyoyinta bayan na ƙwararru, kuma hukumar NCAA ce ke kula da su.

Bisa al'ada, idan jami'o'i biyu masu ƙarfi ɗaya za su kara, sai su yi ba-ni-in-ba-ka: bana a gidana, baɗi a gidanka, kowa ya ci kuɗin ƙofarsa. Wasan kuɗi ba haka yake ba. Babbar jami'a ce ke gayyatar ƙarama zuwa filinta sau ɗaya tak, ba ramuwar ziyara, ta biya ta kuɗin da aka yanke tun kafin a buga. A takardun kwantiragi sunansa wasan garanti, domin kuɗin tabbas ne, ko an ci ko an sha kashi. 'Yan kallo kuwa suna da nasu sunayen. Suna kiran ƙaramar ƙungiyar da sunan wani ɗan kek mai zaƙi da ake haɗiyewa a loma ɗaya. Masu sukar al'adar suna ce masa wasan jakar gawa.

Nawa ake biya?

Ya danganta da matakin baƙon. Tun 1978 aka raba rukunin farko na NCAA gida biyu, waɗanda tun 2006 ake kira FBS, na sama, da FCS, na ƙasa. Ƙungiyar FCS takan samu 'yan dubban ɗaruruwan daloli. Ƙaramar ƙungiyar da ke cikin FBS, irin na gungun Mid-American ko Sun Belt (gungu shi ne haɗakar jami'o'in da ke karawa da juna kowace kaka), farashinta ya fi tsada, daga dala miliyan 1 zuwa kusan miliyan 2. A 2023 Auburn ta biya New Mexico State dala miliyan 1.85. A 2022 Kent State ta je gidan Washington da Oklahoma da Georgia cikin wata guda, ta tara dala miliyan 5.2.

Me babbar jami'a ke samu har take fitar da wannan kuɗi?

Abu na farko, wasa a gida. Filin Michigan da ke Ann Arbor yana ɗaukar mutum fiye da 107,000. Na Penn State, Ohio State, Texas A&M, Tennessee da Alabama duk sun haura 100,000. Ka lissafa kuɗin tikiti, da na ajiye mota, da abinci, da riguna, da ɗakunan alfarma da attajirai ke kama haya, za ka ga dala miliyan ɗaya da rabi da aka ba baƙo ba ta taɓa ribar ranar ba. Wasanni 12 ake bugawa a kaka, kuma manyan jami'o'i sun gina kasafin kuɗinsu a kan bakwai daga ciki su kasance a gida. Ba yadda za a yi kowa ya samu bakwai a gida sai an sami waɗanda za su yarda su riƙa tafiya ba a rama musu ba. Otal-otal da gidajen abinci na garin ma da waɗannan ranakun Asabar suke rayuwa.

Na biyu, nasara. Ƙungiya na buƙatar cin wasa shida kafin ta cancanci shiga wasannin ƙarshen kaka da ake kira bowl, kuma doka ta yarda a lissafa nasara ɗaya a kan ƙungiyar FCS. Kocin da kujerarsa ke rawa ya san darajar nasarar da aka saya. Sannan irin wannan wasa dama ce ta gwada sababbin yara da hutar da manyan 'yan wasa bayan an tafi hutun rabin lokaci.

Ita ƙaramar fa, ba ta jin kunyar shan kashi irin wannan?

Tana ji. Amma daraktan wasanninta yana da lissafin da ɗan kallo ba ya gani. Sashen wasanni na Ohio State ya taɓa samun kuɗin shiga da ya haura dala miliyan 250 a shekara guda. Kent State, wadda take jiha ɗaya da ita, kasafin sashen wasanninta bai wuce wajen dala miliyan 30 ba. A 2022 gungun Big Ten, na su Ohio State da Michigan, ya ƙulla yarjejeniyar talabijin ta kusan dala biliyan 7 ta shekara bakwai da Fox da CBS da NBC. Ƙananan gungu ba sa ganin ko ƙurar wannan.

Kuɗin wasan garanti ba aljihun ƙungiyar ƙwallon kaɗai yake shiga ba. Da shi ake biyan tafiye-tafiyen 'yan guje-guje da 'yan ƙwallon raga, da tallafin karatun 'yan wasa mata, wanda dokar Title IX ta 1972 ta wajabta wa makarantu su kula da shi. Abin da ya rage na giɓin kasafi, ɗaliban makarantar ake ɗora wa a cikin kuɗin rajista. Saboda haka idan darakta ya ƙi wasan kuɗi, ko dai ya rufe wani wasa, ko ya ƙara wa ɗalibai nauyi. Ban ga laifin mutumin da ya zaɓi wasa ɗaya mai wuya a kan waɗannan biyun ba. Inda nake da magana shi ne idan ɗaya ya zama uku.

Da gaske tazarar da ke tsakaninsu ta kai haka? Ai duk ɗalibai ne.

Ta kai. Shekara da shekaru doka ta ba ƙungiyar FBS damar ɗaukar 'yan wasa 85 a kan tallafin karatu, ta FCS kuwa 63. Ba a yawa kaɗai bambancin yake ba. Zaratan yaran da suka fito daga sakandare manyan jami'o'i ke kwashewa, kuma a can akwai masu kula da abincinsu, da likitoci, da ɗakunan motsa jiki da suka fi na wasu ƙungiyoyin ƙwararru. Ƙaramar ƙungiya za ta iya riƙe wuta a zubin farko da na biyu, cikin zubi huɗu na wasan, da 'yan wasanta goma sha ɗaya na gaba. Idan gajiya ta zo, babbar ta sako sababbin jini waɗanda ba su gaza na farko ba, ita kuwa ba ta da wanda za ta sako. A nan maki ke fara zuba.

Ana taɓa samun ƙaramar ta yi nasara?

Ana samu, kuma ranakun nan ne ke riƙe da al'adar gaba ɗaya.

Wadda kowa ke fara ambata ita ce ta 1 ga Satumba, 2007. Appalachian State, makaranta daga garin Boone da ke kan tsaunukan North Carolina, ta je Ann Arbor a kan dala 400,000. Michigan tana ta biyar a jerin gwanayen ƙasa, filin cike da mutum fiye da 109,000. Abin da masu masaukin ba su ba muhimmanci ba shi ne baƙin nan su ne zakarun FCS na 2005 da 2006, suna da koci Jerry Moore da wani yaro mai gudun tsiya, Armanti Edwards, a matsayin mai jefa ƙwallo kuma jagoran hari. Saura daƙiƙa 26 a tashi, Appalachian ta buga bugun maki uku ta wuce gaba 34–32. Michigan ta yi doguwar jifa ta iso kusa, ta shirya nata bugun da zai ba ta nasara saura daƙiƙa shida. Corey Lynch na Appalachian ya kutsa ya tare ƙwallon, ya ɗauke ta ya ruga har lokaci ya ƙare. Wannan ne karon farko da ƙungiyar FCS ta doke wadda ke cikin jerin gwanaye na kamfanin dillancin labarai na AP. Michigan ta faɗo daga ta biyar ta fita daga 25 ɗin farko baki ɗaya. Ɗan hakin da ka raina, in ji Bahaushe.

Bayan nan an yi ta gani jefi-jefi. A 2013 Georgia Southern ta doke Florida 26–20 ba tare da ko jifa ɗaya tata ta isa hannun mai cafewa ba, da gudu kawai. North Dakota State ta doke Kansas State a 2013, ta doke Iowa 23–21 a 2016. A 2017 Howard ta karɓi dala 600,000 ta je Las Vegas, 'yan caca sun ce za a ba ta ratar maki 45, ta doke UNLV 43–40. Ranar 10 ga Satumba, 2022 kuwa abu uku ne suka faru a yini ɗaya: Appalachian State ta doke Texas A&M 17–14 ta tafi da dala miliyan 1.5, Marshall ta doke Notre Dame 26–21, Georgia Southern ta doke Nebraska 45–42. Washegari Nebraska ta sallami kocinta Scott Frost. A 2024 Northern Illinois ta sake yi wa Notre Dame haka har gida, 16–14, a kan dala miliyan 1.4, kuma wannan Notre Dame ɗin ce ta kai wasan ƙarshe na ƙasa a kakar.

Ina son waɗannan labarai kamar kowa. Amma duk wanda ya lura zai ga ana iya ƙirga su da suna da shekara. Sauran ɗaruruwan wasannin da suka ƙare yadda aka zata ba wanda ke tuna su. Ita kanta Appalachian da ta koma Ann Arbor a 2014, 52–14 aka yi mata.

Idan baƙon ya ci, ana biyan sa duk da haka?

Ƙwarai. Kuɗin zuwa ne, ba na faɗuwa ba. Sayen sakamako laifi ne, kuma ba shi ake yi a nan ba.

Sabon abu ne da kuɗin talabijin ya kawo?

A'a. Talabijin ta ƙara farashi ne kawai. Sakamako mafi muni a tarihin ƙwallon jami'o'i, 222–0, daga irin wannan yarjejeniya ya fito. Ranar 7 ga Oktoba, 1916, Georgia Tech ta karɓi baƙuncin Cumberland, wata ƙaramar makaranta a Tennessee wadda ta riga ta rushe ƙungiyar ƙwallonta. Kocin Georgia Tech, John Heisman, wanda ake ba da kyautar gwarzon ɗan wasan jami'o'i da sunansa har yau, ya ƙi yarda a soke wasan. Kwantiragi ya ce Cumberland za ta biya tarar dala 3,000 idan ba ta zo ba, idan ta zo kuma a ba ta dala 500. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Haka aka tattaro ɗalibai da yawancinsu ba su san wasan ba aka kai su Atlanta.

Ba a jin rauni? Wannan fa wasan karo ne.

Wannan ce tambayar da ta fi damuna, kuma ita ce masu sa hannu a kwantiragi suka fi saurin wucewa.

A Satumbar 2015 Southern University ta Louisiana ta je gidan Georgia. A wani bugun sake fara wasa ɗan wasanta Devon Gales ya yi karo da wani ɗan Georgia, ƙashin wuyansa ya karye, ya shanye. Magoya bayan Georgia sun tsaya masa, har suka tara kuɗi aka gina wa iyalinsa gida, kuma wannan abin a yaba ne. Gaskiya ne kuma irin wannan rauni yana faruwa ko tsakanin ƙungiyoyi masu ƙarfi ɗaya, domin haɗarin yana cikin wasan kansa.

Abin da ba ya buƙatar dogon bincike shi ne halin ƙungiyar da aka jera wa irin waɗannan wasanni a jere. A 2024 Kent State ta je Tennessee aka ci ta 71–0, kuma 65 daga ciki kafin hutun rabin lokaci aka zuba su. Mako guda bayan haka ta je Penn State aka ci ta 56–0, kuma a wannan wasan ta rasa masu jefa ƙwallonta biyu, na ɗaya da na biyu, saboda rauni. Ta gama kakar da wasa 12, ba nasara ko ɗaya. A 2012 Savannah State ta sha 84–0 a hannun Oklahoma State a kan dala 385,000, bayan mako ɗaya ta sha 55–0 a hannun Florida State a kan dala 475,000, wasan da hadari da walƙiya suka sa aka tsayar a zubi na uku. Yaron da aka yi wa haka sau biyu cikin kwana takwas, da wane jiki da wace zuciya zai shiga wasannin gungunsa, waɗanda su ne yake da damar ci? Kuɗin nan bai ma warware matsalar Savannah State ba. A 2019 ta sauka zuwa rukuni na biyu, inda kashe kuɗi ya fi sauƙi.

'Yan wasan suna samun kaso daga kuɗin?

Kai tsaye, a'a. Kuɗin asusun sashen wasanni yake shiga. Shekaru da dama dokar NCAA ta haramta a biya ɗan wasa komai bayan tallafin karatu, alhali da jikinsa aka samo kuɗin. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Abubuwa sun fara sauyawa. Daga Yulin 2021 ɗan wasa na iya samun kuɗi da sunansa da hotonsa ta hanyar talla. A Yunin 2025 mai shari'a Claudia Wilken ta amince da sulhun shari'ar da ake kira House, wanda ya ba kowace jami'a damar raba wa 'yan wasanta har kusan dala miliyan 20.5 a shekarar farko. Sai dai wa ke da wannan kuɗin? Manyan ne. Yanzu yaron da ake biya yana karo da yaron da makarantarsa ta kawo shi don ta cike giɓin kasafi.

Duk da haka, in ka tambayi 'yan wasan kansu, da yawa suna son zuwa. Yaron da manyan jami'o'i suka ƙi ɗauka yana son ya shiga filin mutum dubu ɗari ya nuna musu sun yi kuskure, kuma masu farautar 'yan wasa na ƙungiyoyin ƙwararru suna kallon faifan irin wannan rana da kyau. Diego Pavia shi ne ya jagoranci New Mexico State ta doke Auburn 31–10 a 2023. Shekara ta gaba ya koma Vanderbilt, ya jagorance ta ta doke Alabama 40–35 lokacin tana ta ɗaya a ƙasa. Riba ce gare shi. Ga makarantar da ta raine shi kuwa, ta kai kayanta kasuwa ne aka saye mafi kyau a ciki.

Me ya sa ake yawan ambaton jami'o'in baƙaƙen fata a wannan magana?

Domin su suka fi dogara da kuɗin. Makarantu irin su Grambling State, Southern, Howard da Savannah State an kafa su ne a zamanin da wariya ta hana baƙaƙen fata shiga sauran jami'o'i, kuma waɗanda ke hannun jihohi sun daɗe ba sa samun kason da takwarorinsu ke samu. Kafin a buɗe ƙofofin manyan jami'o'in kudu, su ke da zaratan 'yan wasa baƙaƙe. Da aka buɗe, zaratan suka koma can, aka bar su da tarihi da ƙaramin kasafi. A Oktoban 2013 'yan wasan Grambling sun ƙi zuwa wasansu da Jackson State saboda lalacewar kayan atisaye da doguwar tafiya a bas. Deion Sanders, lokacin da yake kocin Jackson State, ya fito fili ya soki wasannin kuɗi.

A ƙwallon kwando ma haka abin yake, har ya fi. A kakar 2017–18 Texas Southern ta buga wasanninta 13 na farko duk a waje, ta faɗi duka, sannan ta dawo ta ci kofin gungunta ta shiga gasar ƙasa.

Ba daidai yake da ƙaramar ƙungiya ta haɗu da Manchester United a kofin FA ba?

Akwai kama ta fuskar kuɗi. A Janairun 2005 Exeter City, tana fama da bashi, ta tashi 0–0 a Old Trafford, kuma kuɗin wasan da na maimaicinsa sun taimaka mata ta fita daga bashin. Bambancin shi ne a Ingila ƙuri'a ce ke haɗa su, ana raba kuɗin ƙofa, babbar na iya zuwa gidan ƙaramar, kuma wanda ya ci ya wuce zagaye na gaba. A Amurka babbar ce ke zaɓen wanda take so, a filinta, a ranar da take so, sau da yawa shekaru kafin wasan.

Me zai faru idan aka daina?

An ɗan ɗanɗana a 2020. Da annobar korona ta zo, a watan Yuli Big Ten ta ce 'yan gungunta kaɗai za su kara da juna, sauran manyan suka bi sahu da irin nasu tsarin. Cikin 'yan makonni miliyoyin da ƙananan makarantu suka riga suka sa a kasafi suka ɓace. Mid-American, gungun Kent State da Northern Illinois, shi ne na farko a FBS da ya ɗage kakarsa a watan Agusta.

Shi ya sa ba na goyon bayan masu cewa a haramta wasan kuɗi kwata-kwata. Wanda zai fara jin jiki ba Alabama ba ce, 'yar wasan guje-guje ce a makarantar da ba wanda ya san sunanta. Abin da nake gani daidai shi ne a taƙaita: wasa ɗaya a kaka, in ya yi yawa biyu, kada a jera su mako bayan mako, kuma a rubuta a cikin kwantiragin cewa wani kaso na kuɗin zai tafi ga inshorar lafiya da jinyar yaran da suka buga shi.

To al'adar za ta ɗore?

Kasuwarta na ƙara matsewa. Big Ten ta taɓa hana 'yan gungunta gayyatar ƙungiyoyin FCS, daga baya ta sassauta. Kamfanonin talabijin da ke zuba biliyoyi ba sa son wasan da mai kallo zai sauya tasha tun kafin rabin lokaci. Tun 2024 ƙungiyoyi 12 ke shiga gasar fitar da zakaran ƙasa maimakon huɗu, kuma kwamitin zaɓe yana duba ƙarfin abokan karawar kowa. A Agustan 2025 gungun SEC, na su Alabama da Georgia da Tennessee, ya yanke cewa daga 2026 kowace ƙungiya za ta buga wasa tara da 'yan gungu maimakon takwas, ga kuma sharaɗin ƙarin wasa ɗaya da wata babbar ƙungiya daga waje. Cikin wasanni 12, gurbi biyu ke nan ya rage wa kowace daga cikin jami'o'i 16 na gungun da za ta iya ba ƙananan makarantu, inda a da uku ne.